Lakar Masai da Sokawe Wajen Farfaɗo da Mataccen Fili: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya kwana biyu a Kaduna ya san motar yashe sokawe, ya kuma san masu kwasar masai da bokiti cikin dare, waɗanda Kanawa ke kira 'yan gidan-kowa-da-akwai. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda kayan ke ƙarewa bayan an biya kuɗi mota ta tashi. A bayan gari kuma ga filaye nan a mace: ramukan da aka ɗebi jar ƙasa, faƙon da ko tofa ba ta fitowa, gonakin da suka gaji. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda manoma, masu unguwanni da ma'aikatan tsafta suka fi yi idan aka kawo maganar kai wancan kaya ga wannan fili.

Wai wace laka ake nufi?

Idan ruwan ƙazanta ya tsaya wuri guda, yakan rabu biyu, ruwa a sama, mai kauri ya kwanta a ƙasa. Mai kaurin nan shi ne lakar. Akwai wadda ake samu a babbar matatar ruwan ƙazanta, inda bututu ke tattaro ruwan gari gaba ɗaya, irin matatar Wupa da ke Abuja. Akwai kuma wadda ake zuƙowa daga masai, salga da sokawe. Ɗanyarta najasa ce mai ɗauke da cuta, babu wani kwana-kwana a nan. Amma idan aka shanya ta, aka ruɓar da ita yadda ya kamata, sai ta koma baƙa mai marmashi, tana ƙamshin ƙasa. A kan wannan ta biyun muke magana.

Kaduna ba ta da bututun da ke haɗa gidajen gari duka. To ina za a samo lakar?

A gidajenmu. Daga Rigasa zuwa Unguwar Rimi, daga Kawo zuwa Sabon Tasha, kusan kowane gida da masai ko sokawe yake aiki, kuma duk ramin da aka haƙa wata rana zai cika. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta fitar da umarnin kawo ƙarshen ba-haya a fili, a 2022 kuma Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cimma hakan. Abin yabo ne, sai dai kowane sabon banɗaki da aka gina, laka ce ke jiran mai kwasa nan da 'yan shekaru. An fi mai da hankali kan gina ramin, an bar maganar inda za a kai abin da ke ciki. Idan ba a tanadi wuri ba, a lambatu, a daji ko a rafi zai ƙare, daga can kuma Kogin Kaduna.

Wane irin fili ne ake cewa ya mutu?

Fili ne da saman ƙasarsa ya tafi. Albarkar ƙasa tana cikin taƙi ɗaya ko biyu na sama, wajen da yake da baƙi-baƙi da laushi. Idan katafila ta kankare shi don a cika hanya, ko masu bulo suka kwashe, ko ruwa ya zaizaye shi shekara da shekaru, abin da ya rage marmara ce ko jar ƙasa mai tauri. Ruwa ya sauka ya gangare, iri ya faɗi rana ta ƙone shi. Akwai irin wannan a gefen manyan hanyoyin da suka fita daga gari, akwai a ramukan haƙar zinare na yankin Birnin Gwari. Gonar da wuta-wuta ta mamaye, wadda masara ke tsayawa iya gwiwa ta yi ruwan ɗorawa, ba ta kai ga mutuwa ba, amma ta kama hanya.

Me lakar za ta yi wanda takin zamani ba zai yi ba?

Kamfa da yuriya abinci ne ga shuka kai tsaye, amma ba sa gyara jikin ƙasa. A zuba buhu goma a kan faƙo, ruwan sama biyu zai wanke shi, domin babu abin da zai riƙe shi. Abin da ƙasar ta rasa shi ne ruɓaɓɓun abubuwa, waɗanda ke sa ta sha ruwa ta riƙe, ta yi laushi saiwa ta ratsa, tana da gara da sauran ƙananan halittu su dawo. Ƙasar yankinmu ko lafiyayya ce, sau da yawa ruɓaɓɓen abin da ke cikinta ba ya kai kashi 2 cikin 100, saboda zafi na saurin cinye shi, ga kuma ƙona gona da kwashe kara. A busasshiyar laka kuwa, yakan kai kusan rabinta.

Tana da abincin shuka kuma. Naitirojin a cikinta yakan kama daga kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na busasshen nauyi, ga fosfaras mai yawa, irin wanda muke saye a buhun sufa. Fotash ne ba ta da shi sosai, don yana bin ruwa ya tafi, shi ya sa ake haɗa ta da toka. A yi ɗan lissafi: tan 10 na busasshiyar laka mai kashi 3 na ɗauke da kilo 300 na naitirojin. Ba duka shuka ke samu a shekarar farko ba, wataƙila kilo 30 zuwa 90, sauran na fita sannu a hankali a shekarun gaba. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa kilo 23 ne a cikinsa. Wannan sakin a hankali shi ne abin da mataccen fili ke so.

An taɓa yi a wani wuri, ko a kanmu za a gwada?

An daɗe ana yi. Birnin Milwoki na Amurka yana busar da lakar matatarsa yana sayarwa a buhu da sunan Milorganite tun 1926. Birnin Shikago, tun farkon shekarun 1970, ya riƙa kai tasa lakar filayen da aka haƙi kwal aka bari a jihar Ilinoyi, har suka koma gonaki. A garin Palmerton na jihar Fensilbeniya, hayaƙin masana'antar narka zinki ya kashe tsirran dutse guda, da laka haɗe da toka da farar ƙasa aka dawo masa da ciyawa. A Masar akwai dajin Serabiyum kusa da Isma'iliyya, itatuwa ne a tsakiyar hamada da ake shayar da su da tataccen ruwan ƙazantar gari.

Mafi kusa da halinmu shi ne Gana. A Kumasi, tun farkon shekarun 2000, masu bincike suka gwada shanya lakar masai su haɗa ta da sharar kasuwa, a 2017 kuma aka buɗe masana'anta a yankin Tema da ke yin takin Fortifer daga irin wannan haɗi. Mu ma ba baƙi ba ne ga tunanin. Kakanninmu a kewayen Kano da Zariya da jakuna suke ɗauko takin birni a mangala su kai gona, kuma kowane manomi ya san yadda dawa ke yi a kufai ko a tsohon juji.

Cuta fa? Wannan ba hanyar kwalara da taifod ba ce?

Ɗanyar laka hanyarsu ce, tare da atini, ciwon hanta da tsutsar ciki. Ƙwayoyin kwalara da taifod ba sa daɗewa idan rana ta bugi lakar ta bushe. Mai taurin kai shi ne ƙwan tsutsar ciki. Yana da ɓawo mai kauri, yana iya yin shekaru a ƙasa mai laima yana jira. Don haka masana da shi suke auna ko laka ta tsarkaka daga cuta: idan ya mutu, sauran sun riga shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ita ce kada a samu fiye da ƙwai ɗaya a giram guda na busasshiyar laka.

Abu uku ke kashe shi: zafi, lokaci, da farar ƙasa ko toka mai ƙarfi. Hukumar ta ce tulin taki ya wuce digiri 50 fiye da mako guda, ko a ajiye lakar a bushe fiye da shekara a ƙasa mai zafi irin tamu. Dokar Amurka ta 1993 kan amfani da irin wannan laka ta fi tsauri: tulin da ake juyawa a fili ya tsaya a digiri 55 na kwana 15, a juya shi sau biyar a cikin kwanakin. Bushewa kaɗai ba ta isa ba. Laka na iya bushewa ƙamas a saman ta cikin mako biyu, ƙwan yana nan da ransa a ciki.

Yaya ake sarrafa ta ba tare da manyan injuna ba?

Ana fara da gadon shanya. Wani faffaɗan kwami ne marar zurfi da ake ginawa da bulo, a shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, yashi a sama, a sa bututu a ƙarƙashi. Mota ta juye ta cikin raga, don a tare leda, tsumma, ƙunzugu, kwalba, reza da allura, waɗanda duk wanda ya taɓa ganin an yashe masai ya san ba a rasa su. Kaurin lakar kada ya wuce santimita 20 zuwa 30. Ruwan ya tsiyaye ta ƙasa zuwa tafkin da aka tanada, shi ma ba a sakin sa cikin rafi kai tsaye. Da rani cikin mako biyu zuwa uku saman ya tsattsage, a kwashe da shebur. Nan Allah Ya ba mu abin da Turai ke kashe kuɗi ta samu: iskar hunturu da ranar Maris.

Sai tuli. Kashi ɗaya na busasshiyar laka, kashi biyu ko uku na abin da zai ba ta iska: ɓuntun shinkafa, garin katako, yankakken karan masara, ragowar ganye da ɓawo daga kasuwa irin Kasuwar Bacci ko ta Kawo, bayan an tsince leda. A tara shi ya kai ƙugu ko ƙirji, a yayyafa ruwa. Gwajin laima mai sauƙi ne: a damƙa da hannu mai safa, ya dunƙule amma kada ruwa ya zubo. Cikin kwana uku tsakiyar tulin zai ɗauki zafi, da sassafe har tururi ake gani. Wanda ba shi da ma'aunin zafi yakan soka rodi ya bar shi ɗan lokaci, idan ya zaro ya kasa riƙewa to ana kan hanya, amma ma'aunin ba shi da tsada, gara a saya a riƙa rubutawa kullum. Juyawar tana da muhimmanci domin gefen tuli ba ya zafi, dole na waje ya shiga ciki shi ma ya dahu. Bayan wata biyu zafin ya sauka, a bar shi wata ɗaya ko biyu ya huce, a tankaɗe.

Masu aikin su sa takalmin ruwa, safar hannu da takunkumi, a ajiye musu sabulu da ruwa a wurin, a ba su maganin tsutsa lokaci-lokaci da allurar tetanus. Akwai tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa, don haka silifa ba takalmin aiki ba ne a nan.

Na ji ana maganar ƙarafa masu guba. Daga ina za su shiga masai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin zafi na kashe cuta, amma babu zafin da ke kashe dalma. Ita da zaiba da kadmiyom da kuromiyom ba sa ruɓewa, ba sa wari, ba a ganin su. Idan suka shiga gona sun zauna, jikoki ma za su tarar da su.

Lakar gidajen zama yawanci ba ta da su da yawa. Matsalar na zuwa ne daga inda ake aikin masana'anta: rini da sinadaran masaƙu irin na yankin Kakuri, wuraren fenti da gyaran batir, garejin da ake zubar da baƙin mai, wuraren narka ƙarfe irin Panteka, asibitoci da ɗakunan gwaji. A Kano, ruwan majemun Challawa da Sharaɗa sananne ne da kuromiyom. Mota ɗaya da ta ɗebo daga irin waɗannan wurare ta juye cikin gadon shanya, ta ɓata aikin mota hamsin. Saboda haka mai gadin ƙofa da littafinsa, wanda ke rubuta daga ina kowace mota ta fito, ya fi kowane inji amfani a wurin. A gida ma a daina jefa mataccen batir cikin masai, a daina zuba kananzir da baƙin mai wai don a kashe wari.

Amurka ta sa iyaka ga lakar da take ɗauka mai inganci: a kowane kilo kada dalma ta wuce miligiram 300, kadmiyom 39, zaiba 17. Tarayyar Turai na da tata dokar tun 1986. Waɗannan lambobi a ɗakin gwaji kaɗai ake sanin su.

Filin ma a gwada shi, musamman ramin haƙar zinare. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400, bai kamata a manta ba. Laka da farar ƙasa suna ɗaure ƙarfe su rage yadda shuka ke zuƙar sa, ciyawa kuma ta hana ƙura tashi, wannan riba ce. Amma ƙarfen yana nan. Irin wannan fili na itace ne, ba na abinci ba.

In abin kirki ne, me ya sa wasu ƙasashe suka hana?

Sun hana, gaskiya ne. Suwizalan ta daina zuba lakar matata a gonaki tun 2006, ƙona ta take yi. Jihar Meyin ta Amurka ta haramta a 2022, bayan an gano sinadaran PFAS a gonaki da madara da rijiyoyi. Waɗannan sinadarai ne da ake sawa a tukwanen da ba sa kamu, kumfar kashe gobara da tufafin da ruwa ba ya ratsawa, kuma ba sa lalacewa. Jamus kuma a 2017 ta wajabta wa manyan matatu su riƙa ciro fosfaras daga lakar. Su bututunsu na haɗa ruwan gida da na masana'anta, suna kuma da wuraren ƙonawa na zamani. Mu zaɓin da ke gabanmu daban ne: ko a sarrafa a kai filin da aka zaɓa, ko a ci gaba da juye ɗanya a inda ba wanda ya zaɓa. Darasin da nake ganin ya dace mu ɗauka daga gare su shi ne a fara da filayen da ba a ci daga gare su, a kuma ajiye rubutaccen tarihin abin da aka zuba a kowane fili.

Malam, a addinance fa? Najasa ce.

A fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, amfanin gonar da aka shayar ko aka yi wa taki da najasa mai tsarki ne, ana ci, sai dai a wanke abin da najasar ta taɓa a zahiri. Hanbalawa sun tsananta a wannan mas'ala. Malamai kuma sun yi dogon bayani kan najasar da ta rikiɗe ta koma wani abu daban, launi da wari da sifa duk suka canza. A 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa cewa ruwan ƙazanta yana tsarkaka idan aka tace shi har ɗanɗano, launi da warin najasa suka gushe. Inda aka fi saɓani shi ne cinikin najasa ita kanta, don haka wanda zai shiga sayar da takin ya zauna da malamin da ya yarda da shi, ya kai masa samfurin ya gani da idonsa, ya kuma bayyana masa yadda aka yi shi. Mai aiki da ɗanyar kuwa ya keɓe kayan aiki daban da na salla.

Nawa ake zubawa, kuma yaushe?

Ya danganta da filin. Gonar da ta gaji kawai, tan 5 zuwa 10 a hekta ya wadatar. Filin da aka kankare gaba ɗaya, a ƙasashen da ke gyara wuraren haƙar ma'adinai sukan zuba tan 50 har sama da 100 a hekta, amma sau ɗaya tak, ba kowace shekara ba. Wanda ba shi da wannan yawan ya ari dabarar mutanen Tawa a Nijar: tassa da rabin-wata, wato ramukan tare ruwan sama. A haƙa ƙananan ramuka a faƙon, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a sa taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Ruwa da taki sai su taru a gindin shuka. Ga itace kuma, rami mai zurfin kamu guda, kashi ɗaya taki, kashi biyu ko uku ƙasa.

Lokacin shanya da tuli daga Nuwamba ne zuwa Maris. A zuba a Afrilu ko farkon Mayu, a fasa ƙasar a gauraya zuwa zurfin santimita 15 ko 20, kada a bar shi a sama. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli zuwa Satumba. Wanda ya zuba a Agusta, rafi ya yi wa taki.

Me za a shuka?

Shekarar farko a rufe ƙasa tukuna. Gamba da ƙyasuwa suna saurin kamawa, jema kuma saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, ta dace da bakin kwari da gangare. Daga nan itatuwa: darbejiya, bagaruwa, malaina, turare don itacen gini da na girki, gawo da ɗorawa ga mai haƙuri. Turare na shan ruwa da yawa, kada a kai shi kusa da fadama. Idan gwaji ya nuna laka da filin duk lafiya, bayan shekara ɗaya ko biyu ana iya shiga da masara, dawa ko auduga.

Latas, kabeji, karas, tumatir, albasa da duk abin da ake ci ɗanye ko yake kwance a ƙasa, a bar su. A dokar Amurka, idan lakar ba ta kai matakin farko na tsarkaka ba, sai an jira wata 14 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, mai saiwa irin dankali da rogo kuwa wata 20 zuwa 38. Masu lambun bakin kogi, wannan taki ba naku ba ne.

Dabbobi za su iya kiwo a wurin?

Ba kafin kwana 30 ba, wannan shi ne mafi ƙaranci. A filin da ake farfaɗowa ma gara a hana su damina guda cur, don akuya ɗaya ta isa ta gama da dashen mako guda. A yi magana da makiyayan yankin tun kafin a fara, a yi yarjejeniyar yankan ciyawa idan ta kai. Yara ma a hana su wasa a wurin.

Ba za ta gurɓata rijiya ba?

Za ta iya, idan aka yi ganganci. Naitirojin da ya yi yawa yana tsiyayewa cikin ruwan ƙasa, kuma yana da haɗari ga jarirai. A bar aƙalla mita 30 tsakanin wurin da rijiya ko burtsatse, kamar yadda ake yi wa masai, in da hali a ƙara. Kada a zuba a fadama, ko a kududdufin da ke tara ruwa da damina, ko inda ake tarar da ruwa da an ɗan haƙa. Ramin da aka ɗebi jar ƙasa, gefensa da gangarensa ake gyarawa, ba cika cikinsa ake yi da laka ba.

Wari fa? Maƙwabta ba za su yarda ba.

Gadon shanya yana wari a kwanakin farko, don haka a nesanta shi da gidaje, a duba ta inda iska ke kaɗawa da rani da kuma da damina, a kewaye da itatuwa. Tulin da ke ɗoyi ko tara ƙuda ya jiƙe da yawa ko ya rasa iska, a ƙara ɓuntu a juya. Takin da ya nuna ba ya wari. In yana yi, bai nuna ba.

Lakar gidan ruwa, irin na Malali, ita ma haka take?

A'a. Waccan daga tace ruwan sha take fitowa, laka ce ta kogi haɗe da alam. Ba ta da abincin shuka sosai, alam ɗin ma yana kama fosfaras ya hana shuka samu. Tana da amfani wajen cike gurbi ko a filin da fosfaras ya yi wa yawa, amma ba taki ba ce.

Direban tanka ya ce zai juye mini a gona kyauta. In karɓa?

Manoman kewayen Tamale a Gana sun daɗe suna haka da rani, su bar ta ta bushe kafin ruwa ya sauka, kuma suna samun amfani. Duk da haka ba zan ba da shawarar ba. Araha ba ta ado. Ba ka san daga ina ya ɗebo ba, ɗanyar tana da gishiri da ƙarfin da ke ƙone tsiro, ledar da ke ciki kai za ka tsince ta shekaru, 'ya'yanka ne kuma za su shiga gonar ba takalmi. Ga doka: zubar da ƙazanta a inda ba a amince ba laifi ne, duba-gari na iya kama direban da mai gonar. In ƙungiyar manoma na son abin da gaske, su nemi izini su gina gadon shanya guda, direbobi su riƙa kawowa can.

Wa ake nema don izini da gwaji?

A jiha, hukumar kare muhalli ta KEPA da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A tarayya, NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007. Gwajin ƙasa da taki, akwai masana kimiyyar ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Harkar ruwa, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando. Maganar itatuwa kuma, Afaka na nan kusa da kwalejinta ta gandun daji. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa kenan farfaɗo da filayen da suka lalace, ƙofa ce da ya kamata ƙungiyoyi su ƙwanƙwasa. Kada a tsallake mai unguwa da dagaci. Filin da ba wanda ya kula da shi yana faƙo, da ya yi kore masu shi za su fito, don haka a rubuta mallaka da rabon amfani tun kafin a zuba ko kwando ɗaya.

Akwai riba a ciki?

Sayar da taki kaɗai da wuya ya riƙe aikin. Abin da ke cikin tanka fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, kuɗin man ɗaukar ruwan nan shi ke cinye komai, shi ne kuma ke sa direba ya juye a kwalbati mafi kusa. Dole wurin shanya ya kasance kusa da gari, a ɓangarori daban-daban, busasshen kawai ake kaiwa nesa. Kuɗin shiga sai an haɗa: ɗan abin da mota ke biya a ƙofa, cinikin taki ga masu renon itatuwa da masu furanni, kwangilar dashen gwamnati, sannan itacen da za a sara bayan shekaru. Idan aka tsauwala kuɗin ƙofa, motocin za su koma daji.

Ina da ɗan fili da ya zama faƙo. Ta ina zan fara?

Ka auna taku goma-goma wuri biyu, kusa da juna. Ka ɗebi ƙasa daga kowanne ka kai gwaji, tare da samfurin takin da za ka yi amfani da shi. Ka fasa duka biyun da diga, ɗaya ka sa taki, ɗaya ka bar shi haka nan, ka shuka gamba iri ɗaya a rana ɗaya, ka kewaye da ƙaya. A ƙarshen Satumba ka yanke ciyawar kowanne ka ɗaure daban ka auna, ka kuma haƙa rami ka ga inda saiwa ta kai. Ka kira malamin gona da maƙwabtan gona su kasance a wurin ranar yankan.